Mai-Wanki a Gadar Katako

Zürich, 10 ga Fabrairu, 1997

Pirmin,

Bayan gaisuwa, tunda Mama ta koya mana ba a fara wasiƙa sai da ita. Ban tambayi lafiyarka ba, don na gan ka ranar Alhamis da idona. Lafiyarka ƙalau, har ta yi maka yawa.

Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga. Na san idan na kira dariya za ka yi, ni kuma in yi ta ihu a gidan da ba a saba jin ihu ba. Don haka ga shi a rubuce, ka karanta a tsanake.

Ka san abin da ya kawo ni Luzern. Iyayen Lorenz, saurayin da zai auri 'yata Seraina a watan Mayu, ba su taɓa ganin bikin Fasnacht ba, na shigar dodanni kafin azumin Ista, kamar yawancin mutanen Zürich. Uwarsa, Frau Hauri, ta ce tana son ta ga dodanni, ta kuma taka gadar katako tunda aka sake gina ta bayan gobara. Na yi ta kawo uzuri, ta nace. Mutane ne masu kamun kai, Pirmin, irin waɗanda ko tari ba sa yi a gaban baƙo. Na ce a raina mu tsallaka gada, mu sha kofi, mu koma jirgi kafin wani ya gan ni. 'Yata kaɗai ta san da zuwan, kuma na san wanda take kwashe komai ta gaya wa: uban baftismarta, wato kai.

Muna tsakiyar gada, daidai inda take lanƙwasa kusa da hasumiyar da ke cikin ruwa, uban Lorenz, Herr Hauri, ya ɗaga kai yana kallon zane-zanen da ke ƙarƙashin rufi, yana tambayata waɗanda wuta ta ci. Sai ga dodon nan namu na Kriens, tsohuwa Mai-Wanki, da siket da ɗankwali da kwando, ta ratso cunkoso ta tare mana hanya. Kada ka ce min Masu-Wanki sun cika gari ranar. Na san wannan fuskar katakon tun ban iya tafiya ba: jan kumatu, haƙori ɗaya, da tsagar nan a haɓa tun ranar da ka yar da ita a matakala kana yaro. Baba ne ya sassaƙa ta, kuma tun da aka rufe shagonsa a kabad ɗinka take.

Ka ƙanƙance murya yadda ake yi, ka kira ni Regeli, sunan da rabona da shi tun ina firamare. Ka zaro dogon wandon ciki na tsoho daga kwandon ka rataya min a hannu, wai wankin gidanmu ne, shekara uku yana jirana. Jama'a suka taru, gada ta cushe, ba gaba ba baya. Sannan ka juya wajen Frau Hauri ka ce ta yi hattara da surukarta, idan ta tsufa zan kwashe mata kaya in kai ta gidan tsofaffi kafin kofinta ya huce. Ka tambaye ni ina tsohona, ko ya mutu ne ba ku ji ƙararrawar coci ba. Baiwar Allah, don ta fitar da ni kunya, ta ce ai na gaya musu mahaifina ya tsufa, ba ya gane mutane. Ka manno min fuskar katakon nan har hanci ka ce, "Yana gane mutane sarai, Regeli. Mutane ne ba sa gane shi."

Na so katakon gadar ya buɗe in faɗa ruwa. Amma ba wannan ne ya fi ƙona min rai ba, ɗingishin ne. Har ɗingishin Baba ka kwaikwaya, kana jan ƙafar hagu. Da ka gama kuma ka ciro lemo ka ɓare shi zare ɗaya ba tsinkewa, yadda yake yi mana muna yara, ka miƙo min. Ka ga inda na jefa shi. Da zan iya ɗaga ka, da ka bi shi.

Kai shaida ne ranar da na kai Baba gidan tsofaffi bayan faɗuwarsa. A gaban ma'aikata ya ce kada in sake tako inda yake, ba shi da 'ya. Ban ƙi maganarsa ba. Tunda ba shi da 'ya, ba shi da jika, shi ya sa ban aika masa da katin biki ba. Naka na riga na aika. Ka yaga shi. Idan na gan ka a ƙofar coci a watan Mayu, ni da kaina zan juya ka.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Regula Sutter-Amrein


Kriens, 14 ga Fabrairu

Frau Doktor, ranki ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa daga ƙauye. Ina fata maigida yana nan lafiya yana cire wa masu kuɗi haƙori. Wasiƙarki ta same ni ranar Larabar Toka, washegarin ƙarshen biki, kaina na sarawa, leɓena a kumbure saboda busa ƙaho. Na karanta ta na maimaita, na farko don in ji abin da na yi, na biyu don daɗi. Takardar ma mai kauri ce, ga sunanki an buga a sama. A kanta nake ɗora tukunya yanzu.

To, kin tambaye ni ne? Ba ki tambaya ba, hukunci kika yanke. Ko kin tambaya ma amsa ɗaya ce, kuma kin san ta, sai dai in ruwan Zürich ya wanke miki kai. A Kriens ba a faɗin wanda ke cikin dodo. Ba a cewa ni ne, ba a cewa ba ni ba ne. Kakanmu ya mutu matarsa ba ta san shi ne ke zolayarta a bakin kasuwa duk shekara ba, ko kuwa ta sani ta yi shiru, duk ɗaya ne. Mai-Wanki ta yi magana, Mai-Wanki ta wuce. Wanda ta wanke sai ya yi dariya ya saya mata kofi mai ɗan ƙarfi, haka ake yi. Ke kaɗai na taɓa jin ta kai ƙarar katako.

Abin da nake so in sani, cikin abin da ta faɗa wanne ne ƙarya? Ba ki kwashe kayan Baba ba? Yana kwance a asibiti da karyayyen ƙugu kika zo da mota da ƙarti biyu, kika share shagon nan tas. Zartunansa, gudumominsa, har gizagon da ya gada wajen ubansa, duk kika rabar. Ranar da aka sallame shi ya ce a biya da shi shago ya ɗauki wuƙar sassaƙa, ya tarar da ɗaki wayam yana ƙamshin sabulu. Ban ce gidan tsofaffin kuskure ba ne, da matakalar nan ta kashe shi. Amma ko sallama da kayansa ba ki bar shi ya yi ba. Kin yi komai daidai, a kan lokaci, ba ki tambayi kowa ba. Ya faɗi magana cikin zafi, kika naɗe ta kika sa a jaka kika tafi da ita Zürich, shekara uku kina goge mata ƙura.

Wai ba ya gane mutane. Haba Regula! Lahadin da ta wuce ya cinye ni a karta, ya kuma kama ni ina leƙen hannunsa. Duk Lahadi idan na je yi masa aski sai ya tambayi Seraina, ya tambayi wane irin mutum ne yaron, yana da sana'ar hannu ko shi ma takarda yake turawa. Ke ba ya tambayarki. Sai dai can ya ce, "Ana ruwa a Zürich kuwa?" Ni kuma in ce ban sani ba, ba a gaya min.

Zancen biki kuwa, ni na riƙe yarinyar nan a gaban limamin coci tana tsala ihu, ta yi min amai a kwat ɗin aro. A coci na yi alkawarin, wasiƙarki ba ta isa ta kwance shi ba. Katin yana nan manne a jikin firij. Zan zo, kuma idan kika matsa min da ƙahona zan zo.

Ki gaishe min da Seraina. Ki gaishe da surukan naki masu tari a ɓoye.

Ƙaninki,
Pirmin


Zürich, 21 ga Fabrairu

Pirmin,

Na gaishe ka. Na ga wasiƙarka, da tabon miya a gefe.

Wato al'ada ce. Daɗin abin ke nan a wajenku, mutum ya sa katako a fuska ya ci mutuncin 'yar uwarsa a gaban baƙi, gobe ya ce ba shi ba ne, katako ne. Ni a wurina tsoro ne sunan wannan. Namijin da ke da magana ya zo ya ƙwanƙwasa min ƙofa da fuskarsa.

Tunda tone-tone kake so, bari in taya ka. Wa aka kira ranar da Baba ya kwana a ƙasan matakala, a kan siminti, cikin sanyi? Ni maƙwabciya ta kira, ni da ke wani gari, don kai kana can kuna gwajin busa. Wa ya yi ta zarya wajen likitoci, wa ya samo masa ɗaki mai taga da ke kallon dutse? Likita ya ce idan ya sake riƙe zarto da hannun nan mai rawa, sauran yatsun ma za su bi biyun da suka riga suka tafi. Dole wani ya zama mugu, kai kuwa ba ka taɓa yarda ka zama ba. Kai ne ɗan kirki mai zuwa aski ranar Lahadi. Ni na share shago, ni aka kora. Ka ɗauka ban ji zafi ba? Na yi kuka a mota tun daga Kriens har gida, kuma ba wanda ya kira ya ce min sannu.

Seraina ta daina yi min magana sai ta dole. Ta ce idan ba kai ba kakanta, a fasa na coci, su sa hannu a ofis kowa ya kama gabansa. Ka ji abin da ka jawo. Frau Hauri kuma ta bugo waya, wai ba ta taɓa jin daɗin fita irin na ranar ba, za ta aiko min da hotunan da mijinta ya ɗauka idan an wanke. Ban sani ba ko ba'a take min, mutanen nan ba a gane cikinsu.

Ga sharaɗina. Ka rubuta wa su Hauri ka ce kai ne, ka sha ne ya yi maka yawa, abin da ka faɗa shirme ne. Idan ka yi, ka zo bikin ka zauna a baya, ban da ƙaho. Baba kuwa, shi ya kore ni, shi zai kira ni. Ba zan je in tsaya a ƙofar ɗakinsa kamar mai talla ba.

Sai na ji daga gare ka.

Regula


Luzern, 3 ga Maris

Regula,

Gaisuwa. Yau ba ni da ƙarfin tsokana, a kan gwiwata nake rubutu a barandar asibiti.

Sharaɗinki na gani. Ba zan rubuta wa kowa ba. Kujerar bayan ki ɗora jakarki a kai.

Baba yana nan a kwance, sanyi ya shiga huhunsa. Tun washegarin Alhamis ɗin Fasnacht ya fara tari, ya ɓoye wa ma'aikata, yana danne shi da matashin kai, har ranar da ya kasa tashi ya sa takalmi. Sun sa masa robar iska a hanci. Likitar yarinya ce ƙarama, ta ce ga mai shekara tamanin da uku sai dai a jira a gani. Ya ce idan na gaya miki zai rotsa min kai da sandarsa. To ga shi na gaya miki, sandar ma ba ya iya ɗagawa.

Kada ki ɗauka lallashi ne. Na rubuto ne don kada wata rana ki tsaya a bakin kabari da baƙar hularki mai tsada ki ce Pirmin bai gaya min ba. Na san halinki. Kin yi kuka a mota, na ji. Shi a gabana ya yi nasa, a cikin shagon da kika goge, kuma ni na riƙe shi.

Shekaranjiya zazzaɓi ya hau, ya yi ta sambatu. Ya kira Mama, ya yi faɗa da kafintocin da suka sake gina gada, wai katakonsu ɗanye ne. Can ya damƙi hannuna ya ce in yi maza in tsamo lemon kafin ya kai madatsar ruwa, na yarinya ne. Na ce masa to. Ban san me yake nufi ba, ke ce mai ilimi.

Yana hawa na uku, ana shiga da rana. Ki zo ko kada ki zo.

Pirmin


Zürich, 7 ga Maris

Pirmin,

Ba gaisuwa yau, Mama ta yafe min.

Hotunan Frau Hauri sun jima a kan tebur ban buɗe ba. Da na karanta wasiƙarka na buɗe. Ga ɗaya nan na sa maka. Ni ce a tsaye da wando a hannu, na haɗe rai. Ga Mai-Wanki ta cire safar hannun hagu don ta ɓare lemo. Ƙirga yatsun, Pirmin. Uku ne. Kai naka biyar ne cif, ba ka taɓa aikin da zai ci maka ko ɗaya ba.

Ban dubi hannunta ba a ranar. Fuskar Frau Hauri nake ta kallo, ina tunanin abin da za ta je ta ce a gida. Ubana yana tsaye a gabana, numfashinsa na fitowa ta bakin katako, ni ina duban wata mata.

Kai kuma ban yafe maka ba. Ka ɗauki tsoho mai ƙugun ƙarfe ka sa masa siket da ɗankwali, ka fito da shi cikin sanyin Fabrairu, a kan ruwa, cikin turereniya. Daga tashar bas har hasumiya da ƙafar nan! Idan ya mutu kai ka kashe shi. Sannan ka bar ni ina ta zaginka, ina kiran ɗingishinsa kwaikwayo, kai kana karantawa kana ɗora tukunya.

Na zo asibitin jiya. Na hau har hawa na uku. Ƙofar a ɗan buɗe take, na hango ƙafafunsa a ƙarƙashin bargo, da sandar a jingine. Na tsaya har wata nas ta tambaye ni wa nake nema, na ce hanya na ɓata, na sauka na koma jirgi. Ka yi dariya idan kana so. Tsoro nake ji. Idan na shiga ya juya fuska bango, ban san yadda zan yi da raina ba.

Abu biyu nake so ka gaya min, ban da wasa, ban da zancen al'ada. Shi ne? Kuma da na jefa lemon na wuce, me ya yi?

Regula


Kriens, 11 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa, ni ban fasa ba.

Tambayarki ta farko ba ta da amsa, ko yanka ni za ki yi. Hoton na gani. Hannu ne, na Mai-Wanki.

Ni ban fito da kowa ba. Ranar ina can bakin kogi muna busa. Kabad ɗina ba ya kulluwa, mabuɗin gidana kuma yana inda yake tun zamanin Mama, ƙarƙashin tukunyar fure. Wanda ya san wurin ya san wurin.

Ta biyun zan iya faɗa, don rabin Luzern sun gani. Mai-Wanki ta jingina da gefen gada tana kallon lemon yana tafiya, har ya shige ƙarƙashin gadar gaba. Ɓawon yana hannunta. Daga nan ta sulale ta zauna a ƙasa. Mutane suka ɗauka cikin wasan ne, suna ta tafi suna watsa mata yankakkiyar takarda. Wani ya gane fuskar, ya je ya kira wani sakarai mai ƙaho, shi ya goya ta har inda ake samun tasi. A hanya ya roƙe ta ta cire katakon ta sha iska, ta ƙi. Ba ta cire ba sai da aka rufe ƙofar gida.

Zazzaɓin ya sauka. An cire robar, jiya ya zagi miyar asibiti, likita ta ce alama ce mai kyau. Amma ƙafa ta tafi, keke ne daga yanzu. Nas ta gaya masa wata mata mai kwat mai tsada ta ɓata hanya a ƙofarsa. Can ya ce in kawo masa takarda da biro.

Zancen wai ni na kashe shi kuwa, za mu yi shi ni da ke, ban manta ba.

Ƙaninki,
Pirmin


Kriens, 19 ga Maris

Regula,

Ina gaisuwa. Rubutun ya karkace, hannun ne.

An ce min wata Mai-Wanki ta tare ki a gadar katako ta yi miki rashin kunya. Ban san ko wace ce ba. An ce kin jefa mata lemo a ruwa. Ba haka na koya miki ba, lemo abinci ne.

Har yanzu ina jin haushin shagona, kuma da shi zan mutu. Gizagon nan na ubana ne.

Ranar Asabar da hantsi wannan sakaran zai tura ni gada in ga ɓarnar da kafintoci suka yi wa rufin. Zan tsaya wajen hasumiya, da fuskata. Idan katin bikin nan yana wurinki ki taho da shi, ina so in ga yadda ake rubuta sunan yaron. Zan zo da lemo. Idan kin jefar, akwai wani a aljihu.

Ki sa rigar sanyi, akwai iska a kan ruwa.

Ubanki,
Jost Amrein